Tambaya da Amsa: Bayahuden da Ya Raɗa wa Jiragensa Sunan Katantanwa

Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowa, don duk a kan mutum ɗaya suke kewayawa, ko da yake mai ta farkon bai ma san da zamansa ba. Masu tambaya kan rabon gadon gona da tsutsar albasa su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni direban tanka ne, ina ɗauko mai daga kudu in kawo Birnin Kebbi da Kamba. Na daɗe ina ganin wani tambari ja da rawaya mai kama da mahuci a jikin durom da galan na baƙin mai. Yaron motata ya ce wai sunan kamfanin, Shell, ma'anarsa ƙumba ce irin wadda muke tsinta bakin gulbi. Na ce ƙarya yake yi. Mi ya haɗa mai da ƙumba? Direban tanka, Birnin Kebbi.

AMSA: Direba, sai ka nemi yaron motarka ka saya masa shayi mai kauri, don shi ya ci gardama. Shell ƙwanson abin ruwa ne, dangin ƙumba da katantanwa da wuri. Wanda kake gani a jikin durom wani iri ne na teku mai faɗi, kuma tun 1904 kamfanin yake amfani da shi. Abin da ya haɗa shi da mai kuwa, wani Bayahude ne ɗan Landan mai suna Marcus Samuel, da shagon ubansa.

An haife shi ranar 5 ga Nuwamba 1853 a Whitechapel, unguwar talakawa da baƙi a gabashin Landan, ba nisa da inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Uban, shi ma Marcus ne sunansa, ɗan tireda ne mai sayen tarkacen da matuƙan jirgi ke dawowa da su daga ƙasashen gabas. Hajarsa da ta fi tafiya ita ce wasu ƙananan akwatuna da ake manna wa ƙwanson teku, mutanen Ingila na saye don tsaraba. Kada ka raina sana'ar. Mu nan da wuri aka yi ta ciniki a kasuwar Jega shekara da shekaru, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Su ado suka yi da abin, mu muka sayi doki da goro da shi.

Da uban ya rasu, Marcus da ƙanensa, wanda ake kira Samuel Samuel, suka buɗa harkar. Marcus ya zauna Landan, ƙanen ya tafi Yokohama ta ƙasar Japan ya kafa reshe a 1878. Suna kai injuna da yadi, suna ɗauko shinkafa da siliki da kwal da tangaran. Ofishin Marcus a unguwar Houndsditch ɗan ƙarami ne, akawuna ba su taka kara sun karya ba, bayansa sito ne cunkushe da tulunan Japan da gashin tsuntsu da ƙwanso. Mutum ne da ba ya son biyan albashi. Ka riƙe wannan, zai dawo mana a gaba.

A wancan zamani fetur ba shi da daraja, don mota ba ta bazu ba. Kananzir ne sarki, saboda fitila, kuma sarkin kananzir shi ne John D. Rockefeller na Amurka da kamfaninsa Standard Oil. Daga Amurka ake ɗura shi a garwa, a sa garwa biyu cikin akwatin katako, a loda a jirgi har Indiya da Sin. Can kuma a Baku, ƙarƙashin mulkin Rasha, mai na ta ambaliya. Zuriyar Rothschild ta Faransa, manyan masu banki, sun zuba kuɗi an ƙarasa hanyar jirgin ƙasa daga Baku zuwa Batum, bakin Bahar Aswad, a 1883, suka wayi gari da kananzir ya fi ƙarfin kasuwarsu. Wani dillalin jirage, Fred Lane, shi ya haɗa su da Marcus Samuel, ya kuma raka shi yankin a 1890. A 1891 aka ƙulla yarjejeniya ta shekara tara: kananzir ɗinsu da za a sayar gabas da Suwez, ta hannun Samuel zai bi.

Lissafin da ya yi, kai da kake tuƙa tanka za ka fi kowa gane shi. Kaya a garwa yana da tsada: kuɗin garwa, kuɗin akwati, kuɗin 'yan dako, ga yoyo. Idan aka zuba man tsurarsa a cikin jirgi kamar yadda ake cika tankarka, aka kuma bi ta mashigin Suwez maimakon zagaya Afirka, za a rage dubban mil da tarin kuɗi. Matsalar ita ce hukumar mashigin ba ta yarda jirgin dakon mai ya bi ta ciki, don tsoron gobara. Ban ga laifinsu ba. Na taɓa shiga jirgi a Yauri wanda aka loda wa durom shida na fetur, rana na dukan su har kana jin warin a maƙogwaro. Wani fasinja ya zaro taba, kafin ya kai ga ashana mai jirgin ya make hannunsa da filafili, ba sallama ba ban haƙuri. To ina ga jirgi mai tan dubbai a cikin siririyar hanya wadda in ya kama wuta ya toshe wa duniya ciniki?

Samuel bai tsaya roƙo ba. Ya ɗauki wani injiniyan jirage, Fortescue Flannery, ya ce a zana masa jirgin da zai kashe bakin kowa. Aka raba cikinsa ɗaki-ɗaki, aka ware wurin mai daga wurin wutar inji, aka bar sarari don man ya kumbura in zafi ya buge shi ba tare da ya fasa ba. Aka kuma shirya yadda za a wanke tankunan da tururi tas, don jirgin ya dawo da shinkafa ko shayi maimakon ya dawo wayam. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni, don duk mai mota ya san komawa ba kaya ita ke cinye riba. Masu tantance lafiyar jirage na Lloyd's suka amince da jirgin, hukumar Suwez ta ba da izini a Janairun 1892.

Kafin nan an sha fama. Wasu lauyoyi a Landan sun yi ta kai ƙara wurin gwamnati a hana, aka tambaye su wa ya aiko su suka ƙi faɗa. Masu ƙera kwanon garwa a Wales su ma suka tayar da jijiyar wuya, don sun hango abincinsu zai ƙare. Har aka riƙa jefa maganar cewa ai shirin Yahudawa ne. Amma gwamnatin Ingila tana da hannun jari a mashigin tun 1875, jiragen kuma da tutarta za su yi yawo, don haka ta toshe kunne.

Jirgin farko an ƙera shi a West Hartlepool, aka sa masa suna Murex, sunan wata katantanwar teku da mutanen dā ke samun rinin shunayya daga gare ta. Ya sha kananzir kimanin tan 4,000 a Batum, ya ratsa Suwez cikin Agustan 1892, ya nufi Singafo da Bankok. Samuel ya san halin Rockefeller: in ka shiga kasuwa ɗaya, sai ya karya farashi a nan har ka talauce, yana cike giɓin da ribar sauran kasuwanni. Saboda haka a ɓoye ya tura 'ya'yan 'yar'uwarsa, Mark da Joseph Abrahams, suka yi ta gina tankunan ajiya a manyan tashoshin Asiya tun jirgi bai iso ba. A Singafo da aka hana su fili cikin gari, sai suka koma wani ɗan tsibiri, Pulau Bukom. Aka faɗa wa duk kasuwannin a lokaci guda, mai karya farashi ya rasa ta inda zai fara.

Sai dai duk wayon nan saura ƙiris ya tashi a banza a kan abu ɗaya, kuma a nan ne labarin ya shigo gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kananzir ya sayar a kasuwar Jega. Ina yaro aikina riƙe mazurari, shi yana tsiyayawa daga garwa zuwa kwalba, cikakkiya ko rabi. Tun garwa ba ta kai rabi ba an riga an yi kamun ta. Mai ga-ruwa na so ya rataya biyu a sanda, mai mangyaɗa na so, maƙerin farin ƙarfe na so ya yanka ya fitar da aci-bal-bal da mazurari da gwangwanin awo. Wadda ta tsufa a buɗe ta a daddale, a lulluɓe ƙyaure da ita saboda gara. Ƙyauren zaurenmu haka yake, rubutun jikin garwar ya zo a kife, a nan na fara sanin haruffan boko, kai a ƙasa. Tsohon yakan ce, "Mai shina ƙarewa, garwa ba ta ƙarewa."

Samuel bai san wannan ba. Ya ɗauka tunda nasa ya fi araha, mutane za su zo da tsofaffin garewaninsu a zuba musu. Ba su zo ba. Shuɗiyar garwar Standard Oil ta riga ta zama rufin ɗaki da kejin tsuntsu da murhu a gidajen Asiya, ba wanda zai ɓalle rufinsa ya je sayen mai. Kananzir ya yi kwantai a tankuna, wakilai na ta buga waya Landan. Abin da zan yaba masa shi ne bai yi gardama da kasuwa ba. Ya yi hayar jirgi ya cika shi da fallayen kwano, ya ce wa wakilansa kowa ya fara ƙera garwa a inda yake. Aka shafa musu jan fenti. Tasa na fitowa sabuwa fil, ta abokin hamayya kuwa sai ta sha watanni a teku, ta iso da tsatsa da lotsawa. Cikin ɗan lokaci jan rufi ya fara bayyana a tsakanin shuɗi.

Jiragen da suka biyo baya duk sunan ƙwanso ya ba su, don tunawa da sana'ar ubansa: Conch, Clam, Turbo, har da Cowrie, wato Wuri. A 1897 ya tattara harkar ya yi mata rajista da sunan Shell Transport and Trading Company. Lura da sunan, sufuri da ciniki ne a ciki, babu mai. Asalinsa ɗan'uwanka ne, ɗan dako.

TAMBAYA: Malam, a wani darasi an lissafa mana Marcus Samuel cikin masu bankin Landan, a wani wurin kuma na ga an ce mai jiragen ruwa ne. Mutum ɗaya ne? In haka ne, wane irin banki ne nasa, kuma da kuɗin ruwa ya yi arziki? Ɗalibin tattalin arziki, Aliero.

AMSA: Ɗana, mutum ɗaya ne. Abin da ya ruɗa ka shi ne kana hango banki irin na bakin titi, mai layi da kanta da katin cirar kuɗi. Nasa, M. Samuel & Co., bankin fatake ne, kuma daga fatauci ya tsiro.

Ka tambayi tsofaffin Jega yadda ake cinikin goro a Gwanja. Falke ya isa garin da ba a san shi ba, sai ya sauka wurin maigida, wanda wasu ke kira fatoma. Shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye. In bashi za a ba da, shi ke tsayawa, don shi aka sani. Ladansa la'ada. To ka ɗauki wannan ka mai da shi takarda. Mai shinkafa a Bankok zai aika kaya ga wani a Landan da bai taɓa gani ba, biya kuma sai bayan wata uku. Sai a rubuta takardar alkawarin biya, gidan Samuel ya sa hannu a kai cewa in mai saye ya gaza, su za su biya. Da wannan sa hannun takardar ta zama kamar kuɗi, mai shinkafa na iya sayar da ita yau ya karɓi kuɗinsa da ɗan ragi, ba sai ya jira ba. Abin da Samuel ke sayarwa a nan sunansa ne. Ya san wa ke biya wa ke gudu daga Kalkata har Kobe, don ya yi shekaru yana ciniki da su.

Daga tsaya wa 'yan kasuwa aka kai ga tsaya wa gwamnati. A 1897 gidansa ya sayar wa masu kuɗin Landan takardun bashin gwamnatin Japan, a lokacin da Turawa da yawa ke ɗari-ɗari da ƙasar, daga baya Japan ta ba shi lambar girma. Batun kuɗin ruwa kuwa ba zan yi maka kwana-kwana ba: ragin da ake yi wa takarda da ribar da ke kan bashin gwamnati, ruwa ne. Hukuncinsa a wurinmu sananne ne, malamanka na fiƙihu sun fi ni bayani. Amma a matsayinka na ɗalibi ka rarrabe la'adar tsayawa da ruwan bashi, don masu bankin Musulunci na yau a kan irin wannan rarrabewa suke aiki. Bankin ya rayu bayansa, ya haɗe da wani a 1965 ya zama Hill Samuel, bankin TSB ya saye shi a 1987, daga nan ya narke cikin bankin Lloyds.

In kana neman na gida da za ka auna shi da shi, duba Alhassan Ɗantata. Shi ma abin da ya ɗaga shi sauya hanya ne: ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwanja zuwa Ikko, ana nan ana bin sawun jakuna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kullum in ana labarai maigidana sai ya ce Yahudawa ne suka mallaki man duniya da bankunanta, hujjarsa ita ce wai Bayahude ya kafa Shell. Ya kuma ce ko kyauta za su yi, junansu kawai suke ba. Ni dai ban iya musu da shi ba, amma raina bai kwanta ba. Malamar firamare, Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki gaishe da maigida, ki ce masa rabin hujjarsa gaskiya ce, Bayahude ne ya kafa Shell. Sauran rabin ne labarin mutumin da kansa ya rushe.

Manyan mai na zamaninsa, Rockefeller Kirista ne ɗan cocin Baptist, 'yan gidan Nobel da suka fi kowa ƙarfi a Baku mutanen Suwidin ne. Shi kuwa Samuel, shekara goma kacal bayan ya yi wa kamfaninsa rajista, ragamar ta fita daga hannunsa. Ga yadda aka yi.

Rauninsa tun farko shi ne yana da jirgi da tanki da kasuwa, amma man na wasu ne. Ya nemi nasa a tsibirin Borneo, ya tura Mark Abrahams cikin daji da zazzaɓi, aka sha wuya kafin a samu, wanda aka samu ɗin ma bai ba da kananzir yadda aka so ba. A 1901 mai ya ɓarke a Spindletop ta jihar Texas, ya yi wuf ya ƙulla yarjejeniyar shekara 21, ya ƙera sababbin jirage domin ta. Ba a rufa shekara biyu ba rijiyoyin suka ja baya, har wasu jiragen suka koma dakon shanu. Ga kamfani ya girma, amma ana tafiyar da shi kamar shagon tireda, komai a kan mutum ɗaya.

Shi kuma mutum ɗayan hankalinsa ya rabu, don yana son sarauta. Tun 1891 yake majalisar tsohon birnin Landan. A 1898 Sarauniya Biktoriya ta ba shi lambar Sir, bayan jirginsa Pecten ya janyo wani jirgin yaƙin Ingila, Victorious, da ya kafe kusa da Port Said, bakin mashigin Suwez. A 1902 ya zama Magajin Garin Landan, kujerar shekara ɗaya mai cike da liyafa da jawabi da karɓar baƙi. Mun san irin wannan a nan. Na ga attajirin da aka naɗa, shekara ba ta zagayo ba yaran shago suka fi shi sanin abin da ke cikin sito, shi yana can yana gyara rawani. Lokacin da Samuel ke cikin alkyabba, wani ɗan Holan mai suna Henri Deterding, tsohon akawun banki mai kaifin lissafi, shugaban kamfanin man Holan mai suna Royal Dutch, yana zaune a kan takardu dare da rana. A 1903 suka haɗa harkar sayarwa a Asiya, Deterding ne mai gudanarwa. A 1907 aka haɗe kamfanonin biyu. Samuel ya nemi a yi raba-daidai, aka ce masa 60 na Royal Dutch, 40 nasa, ya karɓa don ba shi da zaɓi. Deterding ɗin nan ba Bayahude ba ne. A ƙarshen rayuwarsa ma ya karkata ga 'yan Nazi, a Jamus aka binne shi a 1939.

Ban ce Samuel ya talauce ba. Kashi 40 na ƙaton abu ya fi dukan ƙaramin abu, ya ƙara kuɗi ƙwarai. Amma mallakar duniya da ake faɗa, ga mutumin da ya yi shekaru yana lallashin sojan ruwan Ingila su bar kwal su koma mai, da suka tashi komawa, sai Winston Churchill ya miƙe a majalisa a 1914 ya caccaki Shell, gwamnati ta sayi kashi 51 na wani kamfanin daban, Anglo-Persian, wanda ya zama BP. Har wani ɗan majalisa ya tashi ya ce abin ya fara kama da farautar Yahudawa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke kuma wurinsa aka dawo. A 1915 aka kwance wata masana'antar kamfanin da ke Rotterdam, aka kwaso ta a jirgi aka sake kafawa a Ingila, don fitar da sinadarin nakiya daga man Borneo. Ɗansa Gerald, wanda ya ba da ƙuruciyarsa ga kula da yaran talakawa a gabashin Landan, a fagen yaƙin ya mutu a 1917.

Batun kyauta, maigida bai yi ƙarya ba in ya ce ya kula da mutanensa. Ranar hawansa na Magajin Gari ya sa ayarin ya ratsa ta unguwar Yahudawan gabashin Landan inda ya fito, wurin da masu kuɗi ke toshe hanci. Ya kuma ƙi gayyatar jakadan Romaniya walimarsa, saboda yadda ƙasar ke gallaza wa Yahudawanta, abin da ya jawo surutu. Dukiyar gidansa ta tallafi gidan haihuwa na matan Yahudawa matalauta, daga baya aka gina asibitin haihuwa a Stoke Newington da sunan Bearsted, wato sunan sarautar da aka ba shi a 1921. Babban ɗansa Walter yana cikin waɗanda suka tara kuɗin fitar da Yahudawa daga Jamus a shekarun 1930. Ni ban ga abin zargi a nan ba. Wane attajirin Argungu ne zai tsallake makarantar allon unguwarsu ya fara da ta wani gari?

Amma bai tsaya nan ba. Garin Maidstone, inda ya sayi ƙaton gida da fili a 1895, ba garin Yahudawa ba ne, ya kuma ci moriyarsa, har yau akwai kayan fasahar Japan da gidansa ya bai wa gidan tarihin garin. Filin nasa yanzu wurin shaƙatawar jama'a ne, ko da yake wannan sayar wa hukumar garin aka yi a 1929, ba kyauta ba. Walter ya bar wa ƙasa gidansa na Upton da zane-zanen da ke ciki a 1948. In kin tambaye ni ra'ayina, kyautarsa ba ta kai kasuwancinsa ban mamaki ba. Ya bayar kamar yadda manyan attajiran zamaninsa ke bayarwa, kuma yana son a gani.

Abin da ke faruwa a Falasɗinu yana ci mana rai, ni da ke da maigida duka, na san daga nan zafin maganarsa yake tasowa. Sai dai mutumin nan ya mutu shekara 21 kafin a kafa Isra'ila, kananzir da shinkafa ya sayar. A yi masa hisabi da abin da ya aikata.

TAMBAYA: Baba Malam, shi wanda ya kafa Shell ɗin, shi ne ya haƙa rijiyar Oloibiri? Mai gyaran injin jirgi, Yauri.

AMSA: A'a, ɗana. Kamfanin ya fara neman mai a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1930 da sunan Shell D'Arcy, aka dace a Oloibiri a 1956, aka fara fitarwa a 1958. Arzikin da aka samu da ɓarnar da malalar mai ta yi wa ruwa da gonakin mutanen Neja Delta, duk bayan ransa ne.

Ya sauka daga shugabanci a farkon shekarun 1920, Walter ya hau. A 1925 aka ƙara masa girma zuwa Viscount Bearsted. A Janairun 1927 shi da matarsa Fanny, wadda ya aura tun 1881, suna kwance ba lafiya. Ta riga shi, bai cika kwana ɗaya a bayanta ba ya bi ta, ranar 17 ga wata, yana da shekara 73. A maƙabartar Yahudawa ta Willesden aka binne su.

Tunda kai mutumin jirgi ne, bari in ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba. Murex, na farkon nan, ya yi shekara 24 yana aiki. A Disambar 1916 wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbe shi a Bahar Rum, ya nutse a kan hanyar Port Said, bakin mashigin da ya fara ratsawa.